Albasar Galmi: yadda ake renonta a garka

Yara, babu wanda bai san albasa ba a cikinku. Da ita ake miya, da ita ake kwaɗon zogale, mai tsire ma ba ya rabo da ita. Amma a wurinmu mutanen Dogarawa, albasa ta wuce kayan miya. Ita ce tufafin salla, ita ce kuɗin magani, ita ce ke sayo hatsi in damana ba ta yi kyau ba.

Manoma biyu suna iya samun buhu goma-goma. Na farko ya sayar da tasa ranar da ya haƙe ta, lokacin da kasuwa ta cika da albasa, kuɗinta ya faɗi. Na biyu ya ajiye tasa cikin rudu sai damana ta yi nisa, ya sayar da ita ninki biyu ko uku. Sai dai ba kowace albasa ke jure ajiya ba. Wata tana yin wata 5 ko 6 lafiya lau, wata kuwa kafin wata 2 ta ruɓe. Tun daga garka ake samun wannan bambanci. A wannan darasi za mu koyi renon albasa mai jure ajiya, daga iri har zuwa rudu.

1. Ƙasar albasa

Garin Galmi yana cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Ƙonni, ta nufi Madawa da Maraɗi. Tsakaninsa da Yamai kusan kilomita 500 ne. A da muna cikin gundumar Birnin Ƙonni. A shekarar 2011 aka yi gundumar Malbaza, muka koma cikinta. Dukansu suna cikin jahar Tawa.

Ruwan samanmu ba shi da yawa: wajen milimita 400 zuwa 500 a shekara, cikin wata 3 ko 4. To, yaya aka yi albasa ta samu wurin zama a nan? Dalili shi ne kwarin Maggiya. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Adar yana kwantawa cikin kwarin, ya bar laka mai ƙarfi, saura ya nutse ƙasa inda rijiya ke iske shi. An kuma yi madatsun ruwa. Wata tana shayar da gandun Galmi, ta Mozage da ta Zango suna shayar da gandun Ƙonni. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke taimakon manoman waɗannan gandaye.

Asalin albasa daga tsakiyar Asiya yake. Mutanen Masar sun noma ta fiye da shekara 4000 da suka wuce. Kakanninmu ma sun daɗe suna nomanta. Kowace shekara suna zaɓen mafi kyau su bar ta iri, har aka samu wadda ta saba da zafinmu: ja mai sirkin shuɗi, mai ɗan faɗi, mai yaji. Da faransanci ana ce mata Violet de Galmi. Cibiyar binciken noma ta INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana kula da tsabtar irinta.

A shekarar 2020 Nijar ta noma albasa fiye da tan miliyan 1, kuma jahar Tawa ce a gaba. Manyan motoci suna ɗaukarta daga Galmi, Tsarnawa, Madawa da Tamaske, su kai ta Gana, Kodibuwar, Togo, Benin da Najeriya. A 2023 ƙungiyar OAPI, mai mazauni a Yawunde, ta miƙa wa Nijar takardar da ta kare sunan albasar Galmi. Sunan garinmu ya yi nisa ke nan. Tsare shi kuwa aikinmu ne.

2. Mu san jikin albasa

Ku tumɓuke albasa ɗaya, ku duba ta da kyau. Za ku ga abu huɗu.

Saiwa: farare ne, sirara kamar zare. Yawancinsu ba su wuce santimita 20 zuwa 30 cikin ƙasa. Don haka albasa ba ta iya neman ruwa mai zurfi kamar yadda icce ke yi. Sai an kawo mata shi kusa.

Lawashi: shi ne ganyen albasa, dogo, mai rami a ciki. Shi ke haɗa abincin tsiron da hasken rana.

Kai: shi muke ci. Ku yanka shi a gicciye, za ku ga zobba, wani cikin wani. Kowane zobe gindin ganye ne da ya tara abinci ya kumbura. Albasa mai lawashi da yawa, mai lafiya, ita ke yin babban kai. Wanda ya riƙa yankar lawashi yana kai wa miya, ya rage wa kansa buhu.

Wuya: shi ne inda lawashi ya haɗu da kai. Wuya kamar ƙofar ɗaki yake. In ya bushe ya tsuke, cuta ba ta samun hanya. In ya yi kauri yana da ruwa, ta nan ruɓa ke shiga. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Albasa tana yin lawashi lokacin dari. In zafi ya fara, wuni ya ƙara tsawo, sai ta daina sabon ganye ta shiga yin kai. Wanda ya makara da shuka, zafi zai iske albasarsa da ganye kaɗan, ta yi ƙananan kawuna. Shi ya sa ake zuba iri cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, daidai da komawarmu makaranta.

3. Zaɓen iri

Irin albasa baƙi ne, ƙanana. Gram 1 yana da ƙwara wajen 250. Ba ya daɗewa da rai. In ya wuce shekara 1 cikin zafi, mafi yawansa ba ya fita. Kada mu sayi iri don araharsa kawai. Mu tambayi inda ya fito, da shekarar da aka girbe shi.

Ga yadda ake gwada shi. A ƙidaya ƙwara 100, a shimfiɗa su bisa jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye cikin inuwa. Kullum a yayyafa ruwa. Bayan kwana 10 a buɗe a ƙidaya waɗanda suka tsira. In sun kai 75 ko sun fi, irin mai kyau ne. In ba su kai 50 ba, a nemi wani.

4. Wurin reno

Ba a shuka albasa kai tsaye inda za ta girma. Sai an rene ta tukuna a ɗan fangali, kamar yadda ake renon jariri. A zaɓi wuri kusa da rijiya, inda ruwa ba ya kwantawa, inda ba a yi albasa bara ba. A kewaye shi da darni saboda awaki da kaji.

A kaftu ƙasa da kyau, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da saiwoyin ciyawa. A zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, kilo 2 zuwa 3 a kowane murabba'in mita. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma kawo ƙwari da ɗiyan ciyawa. Faɗin fangali kada ya wuce mita 1, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A baje shi daidai da manjagara.

A ja layuka da ɗan kara, tsakanin layi da layi santimita 10, zurfinsu santimita 1. A zuba iri sama-sama, kada ya taru wuri ɗaya. Gram 5, wato wajen cokalin shayi 2, sun isa murabba'in mita 1. A rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa bisa, a ba da ruwa a hankali da butar ban ruwa, safe da marece.

Cikin kwana 7 zuwa 10 tsiro zai fito a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ranar nan a ɗebe ciyawar da aka rufa, in ba haka ba tsiron zai yi tsawo ya yi fari ya faɗi. A ci gaba da ban ruwa, amma kada wurin ya yi caɓi. In ruwa ya yi yawa, ko iri ya cushe, gindin tsiro yana ruɓewa, a wayi gari ya kwanta. A riƙa cire ciyawa da hannu tun tana ƙarama.

5. Dashe

Bayan kwana 40 zuwa 50, ɗiyan albasa sun yi ganye 3 ko 4, tsawonsu ya kai wajen santimita 15. Lokacin dashe ya yi. Mako 1 kafin ranar a rage ruwa, don su yi ƙwari. Ranar dashe kuwa a jiƙa fangalin sosai, don su fita da saiwarsu. A ware raunana da masu cuta, a zubar.

A garkar makaranta muna iya yin fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 4. A gauraya masa ruɓaɓɓen taki kamar na wurin reno. In akwai takin zamani 15-15-15, a ƙara gram 30 a kowane murabba'in mita. A ja layi 5, tsakaninsu santimita 20. Bisa kowane layi a dasa ɗiya ɗaya kowane santimita 10. In an matse su, kawuna za su yi ƙanana. In an ba su fili da yawa, za su yi manya masu kaurin wuya, waɗanda ba su jure ajiya.

Da marece ake dashe, in rana ta yi sanyi. A sa ɗiya cikin ƙasa santimita 2 zuwa 3 kawai, a danna gefenta da yatsa, a ba da ruwa nan da nan. Kwana biyu za ta yi laushi kamar za ta mutu. Kada ku damu, za ta miƙe.

6. Ruwa, taki da cire ciyawa

Tun da saiwar albasa gajera ce, ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mata ruwa mai yawa lokaci ɗaya. Ƙasar rairayi tana bushewa da sauri, tana son ruwa kullum ko bayan kwana 2. Lakar fadama tana riƙe ruwa, tana iya yin kwana 4 zuwa 7. Ga hanyar ganewa: ku tura yatsa cikin ƙasa. In kun ji danshi, ku dakata. In kun ji ta bushe, ku ba da ruwa. Kada a bar albasa da ƙishirwa sannan a cika ta da ruwa, domin kai yana tsagewa ko ya rabu biyu.

Takin ure yana sa lawashi ya yi kore shar. A ba da gram 10 a murabba'in mita kwana 20 bayan dashe, a sake kwana 40 bayan dashe. Daga nan a tsaya. Wasu manoma suna ƙara ure lokacin da albasa ke yin kai, don ta yi girma ta cika buhu. Tana girma kam, amma ruwa ne ya cika ta, wuyanta ya yi kauri. Irin wannan ce ke fara ruɓewa cikin rudu, ita ce kuma ke ɓata sunan Galmi a kasuwannin nesa.

Lawashi siriri ne, ba ya yin inuwar da za ta kashe ciyawa. Saboda haka ciyawa tana saurin rinjayar albasa, musamman ayaya. A riƙa cire ta kowane mako. A ɗan sassaƙa bayan ƙasa don iska ta shiga, amma sama-sama, kada a yanke saiwa. In kai ya fara fitowa fili, kada a tara masa ƙasa. Haka yake son zama.

7. Maƙiyan albasa

Babban maƙiyinta wani ɗan ƙwaro ne da bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Masana suna ce masa tirips. Yana ɓuya tsakanin sababbin ganyaye, kusa da wuya, yana tsotse ruwansu. Alamarsa ita ce fararen zane-zane bisa lawashi. Yana ƙaruwa in zafi ya shigo, cikin Fabrairu da Maris. Kowane mako ku buɗa ganyen albasa 10 ku duba.

Muna da maganinsa a gida. A ɓare ɗiyan dogon yaro busassu, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana. Da safe a tace, a narka ɗan sabulu a ciki. Da marece a fesa, a tabbata ya shiga tsakanin ganyaye. A sake bayan mako 1. Maganin ƙwari na kanti kuwa guba ne. Ba aikin yara ba ne. Sai manya, bisa shawarar malamin gona.

Akwai kuma cutar da ke zaune cikin ƙasa, mai sa saiwa ta yi ja ta mutu. Tana yawaita inda ake yin albasa kowace shekara ba hutu. Rigakafi ya fi magani: a ɗauke albasa daga wurin shekara 2 ko 3, a sa kabeji, salati ko wake.

8. Haƙa da shanya

Wajen kwana 100 zuwa 120 bayan dashe, cikin Maris ko Afrilu, wuyan albasa zai yi laushi, lawashi ya kwanta da kansa. In rabin fangali ya kwanta, a yanke ruwa ɗungum. A bar ta kwana 10 zuwa 15 ba ruwa. A cikin kwanakin nan ne wuya ke tsukewa, ɓawo ya yi ƙarfi. Mai gaggawa yana ba da ruwa yau ya haƙe gobe, don ƙasa ta yi taushi albasa ta yi nauyi. Ribarsa ta yini ɗaya ce.

A haƙe a hankali, kada hauya ta sare kai. Kada a jefa albasa, kada a zubo ta daga sama, domin inda ta bugu nan za ta ruɓe. A jera ta, lawashin wannan layi ya rufe kawunan wancan, don rana kada ta ƙona su. Bayan mako 1 ko kwana 10, in wuya ya bushe ƙayau, a yanke lawashi a bar santimita 2 zuwa 3. Lawashin da aka samu da sauran ɗanyensa ba a zubar da shi: ana daka shi a shanya, ya zama gabu na miya.

9. Ajiya cikin rudu

Rudu ɗan ɗaki ne na kara da ciyawa, kamar rumbu, wanda aka ɗaga bisa itace don iska ta bi ta ƙarƙashi. Kafin a zuba albasa sai an tsince ta. Mai rauni, mai kaurin wuya, wadda ta rabu biyu da wadda ta yi fure, duk a ware su, a ci ko a sayar yanzu. Masu ƙarfi, matsakaita, masu busasshen wuya, su ke shiga rudu.

Kada a tara ta da tudu sosai, don na ƙasa su samu iska. A gyara rufi kafin damana, kada ya yi yoyo. Kowane mako 2 a buɗe a duba. In an ji wari, ko an ga wadda ta yi laushi ko ta tsira, a fitar da ita. Ruɓaɓɓiya ɗaya tana ɓata maƙwabtanta.

10. Irin baɗi

Albasa ta gari shekara biyu take yi kafin ta ba da iri. Shekarar farko ta yi kai. A shekara ta biyu, in an sake dasa kan, sai ta fitar da kara mai farin fure. Amma za ku ga wasu sun yi fure tun shekarar farko. Kansu yana da kara a tsakiya, ba ya ajiyuwa. Kada a ɗebi iri daga gare su ko da ya zo da sauƙi, domin ɗiyansu halinsu za su ɗauko.

Ga hanya mai kyau. In an buɗe rudu a ƙarshen damana, a zaɓi kawunan da suka fi kyau, masu launin Galmi na ainihi, waɗanda ba su tsira ba, ba su ruɓe ba. Su za a dasa cikin Oktoba ko Nuwamba. Ƙudan zuma da ƙudaje ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, don haka a nisanta su da farar albasa, kada iri ya gauraye. In kan furen ya bushe, baƙin iri ya fara bayyana, a yanke, a shanya cikin inuwa, a murje, a sheƙe, a rufe cikin kwalba busasshiya. Haka kakanninmu suka yi har suka bar mana wannan iri.

Abin da za mu riƙe

Iri mai kyau. Shuka bisa lokaci. Ruwa daidai, ure daidai. Yanke ruwa kafin haƙa. Busasshen wuya. Wanda ya cika waɗannan, shi ke zaɓen ranar da zai sayar da albasarsa.

Kalmomi da faransanci

albasa: l'oignon
iri: la semence
wurin reno: la pépinière
fangali: la planche
dashe: le repiquage
ban ruwa: l'arrosage
ajiya: la conservation

Tambayoyi

1. Don me albasa ke yin kyau a kwarin Maggiya?
2. Mene ne zobban da muke gani in mun yanka albasa?
3. Me ke faruwa in an makara da zuba iri?
4. Don me ake daina ba da ure kwana 40 bayan dashe?
5. Yaushe ake yanke wa albasa ruwa?
6. Wace albasa ce ba a ɗiban iri daga gare ta? Don me?

Lissafi

1. Fangali yana da layi 5, kowane layi yana da albasa 40. Albasa nawa ke cikin fangali 1? Nawa ke cikin fangali 4?
2. A ce buhu jikka 10 ne cikin Afrilu, jikka 25 cikin Satumba. Manoma uku suna da buhu goma-goma. Na farko ya sayar cikin Afrilu. Na biyu ya ajiye, buhu 2 suka lalace. Na uku ya ajiye, buhu 6 suka lalace. Nawa kowa ya samu? Wa ya yi wahalar banza?

Aiki

1. Ku kawo irin albasa daga gida, mu gwada ƙwara 100. Ku rubuta abin da kuka gani.
2. A garkar makaranta mu yi fangali 2 iri ɗaya. Na farko mu yanke masa ruwa kwana 15 kafin haƙa, na biyu mu ba shi ruwa har jajibirin haƙa. Mu ɗauki albasa 50 daga kowane, mu ajiye su dabam-dabam. Kowane mako 2 mu ƙidaya waɗanda suka ruɓe.
3. Ku tambayi wani dattijo manomi yadda ake ban ruwa da jigo kafin zuwan inji. Ku zo ku ba aji labari.